Awon Iskar Taya: Wane Ma'auni Ya Kamata Ka Saya?

 Yau za mu yi magana a kan wani ɗan ƙaramin kayan aiki da ke shiga aljihu. Sunansa ma'aunin iskar taya. Masu gyaran mota suna ce masa geji. Masu jin Faransanci suna ce masa manometir. Duk abu ɗaya ne.

Ɗan uwa, maganar ta shafe ka in kana da keke, ko babur, ko mota, ko amalanke mai tayar roba. Ta shafe ka ma in ba ka da ko ɗaya, domin kana shiga motar haya. Ka saurara da kyau. In kana da alli ko fensir kusa, ka ɗauko, akwai lambobin da za ka rubuta.

Ido ba mudu ba ne

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Haka ne a wajen hatsi. Mai awo takan dubi tarin gero ta ce tiya 10 ne, a auna a samu haka. Amma a wajen taya ido bai san kima ba.

Ka je tashar Wadata a nan Yamai da safe, ka tsaya ka duba. Za ka ga direba ya zagaya motarsa. Ya shuri taya da ƙafa. Ya buga ta da ƙarfe ya kasa kunne. Mai keke kuma ya matsa tasa da babban yatsa. Kowa ya ce: "Ta yi." To, shuri da bugu suna nuna tayar da ta sace gaba ɗaya. Ba sa nuna wadda ta ragu kaɗan. Tayar mota ta zamani tana da ɗan tumbi a ƙasa ko da iskarta ta cika. Saboda haka tana iya rasa kashi 1 cikin 4 na iskarta, ido bai gane ba.

Me ya sa wannan ya zama abin damuwa? Domin iska ce ke ɗauke da kaya. Roba dai riga ce da ke riƙe ta. A shekarar 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, a garin Belfast, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. A 1895 ƴan uwan nan biyu na gidan Michelin, a Faransa, suka sa irinta a mota suka shiga tsere da ita. Tun daga lokacin, kowane mai abin hawa yana da tambaya ɗaya: iska nawa ta dace? Ma'auni ne ke ba da amsa, kuma da lamba yake ba da ita.

In iska ta yi kaɗan

Ka ɗauki waya ta ƙarfe. Ka lanƙwasa ta, ka miƙar, ka sake lanƙwasawa, sau da yawa. Ka taɓa wurin. Za ka ji ya yi zafi. In ka ci gaba, wayar ta karye.

Haka taya take. Duk juyi ɗaya, gefenta yana lanƙwashewa a ƙasa, ya sake miƙewa. Juyi ɗaya na tayar ƙaramar mota wajen mita 2 ne. Daga Yamai zuwa Dosso wajen kilomita 140 ne. Ke nan kowace taya za ta juya wajen sau 70.000 kafin a isa. In iskarta ta cika, lanƙwasar kaɗan ce. In ta ragu, lanƙwasar tana da yawa, zafi yana taruwa a ciki. Ga zafin rana, ga na kwalta. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Sai roba ta saki zaren da ke cikinta, taya ta fashe ana cikin gudu. In motar cike take da mutane, ka san abin da ke biyo baya.

Ko ba ta fashe ba, akwai hasara. Mota tana shan mai fiye da kima. Taya tana cinyewa ta gefe biyu, tsakiyarta na nan da sauranta. Birki ba ya kamawa da wuri. Sitiyari yana yin nauyi.

A keke, kai ne injin. Taya mai taushi gwiwarka take ci. In ka hau dutse ko bakin rami, sai ƙarfen wili ya matse robar ciki, ya huda ta wuri biyu kusa da juna, kamar saran maciji. Ƙaya da tsidau ma sun fi saurin kama taya mai taushi. A amalanke kuwa, jaki ne ke shan wahalar, ba ya kuma iya faɗa maka.

In iska ta yi yawa

Wasu sun ce gara a cika ta tam, a huta. Wannan ma kuskure ne. Taya mai iska da yawa tsakiyarta kawai ke taka ƙasa. Nan take cinyewa. Ba ta kama hanya sosai, musamman da damina in kwalta ta jiƙe. Mota tana tsalle a hanyar jar ƙasa. In ta faɗa rami da ƙarfi, zaren ciki yana iya tsinkewa, taya ta yi ƙulu a gefe. Taya mai ƙulu ta gama aiki.

Ka ga ke nan, akwai lamba ɗaya da ta dace. Ƙasa da ita hasara, sama da ita hasara.

Lambobi iri uku

Awon hatsi akwai tiya, akwai buhu. Awon iska ma yana da suna fiye da ɗaya. Za ka ga ɗaya daga cikin waɗannan a rubuce a jikin ma'auni: bar, ko psi, ko kPa.

Na farko shi ne bar. Shi aka fi sani a ƙasarmu da Faransa da sauran Turai. Shi ne masu faci ke kira kilo. In ka ji an ce "sa mini kilo 2", bar 2 ake nufi. Bambancin da ke tsakanin kilo da bar ƙanƙane ne, bai isa ya dame ka ba.

Na biyu shi ne psi. Shi ne awon Amurka da Ingila, shi kuma aka fi ji a Najeriya. Bar 1 daidai yake da psi 14 da rabi.

Na uku shi ne kPa. Ana yawan ganinsa a motocin Japan. Lissafinsa da sauƙi: bar 1 shi ne kPa 100.

Yanzu ka rubuta wannan a takarda, ka ajiye:

bar 2 shi ne psi 29, shi ne kPa 200
bar 2,2 shi ne psi 32, shi ne kPa 220
bar 2,5 shi ne psi 36, shi ne kPa 250
bar 3 shi ne psi 44, shi ne kPa 300
bar 4 shi ne psi 58, shi ne kPa 400

Ka lura da waƙafin da ke tsakanin lambobi. An raba bar 1 gida 10. Lambar da ke bayan waƙafi ita ke gaya maka gida nawa. In ka ga 2,5 ka ce biyu da rabi. In ka ga 2,2 ka ce biyu da gida 2. A wasu ma'aunai ɗigo ake sawa maimakon waƙafi. Ma'anar ɗaya ce.

A nan mutane ke yin babban kuskure. Wani ya ga 32 a jikin motarsa, psi ne, sai ya ɗauka 3,2 ne na bar. Ya sa a ɗura wa taya bar 3,2. Alhali psi 32 bar 2,2 ne kawai. Ya ƙara bar ɗaya cur bai sani ba. Saboda haka kada ka karanta lamba ita kaɗai. Ka karanta haruffan da ke kusa da ita.

Ina za ka ga taka lambar?

Kafin ka sayi ma'auni, ka fara sanin lambar abin hawanka. Ita za ta gaya maka irin wanda za ka saya.

In mota ce, ka buɗe ƙofar direba. Ka duba jikin ƙarfen da ƙofar ke rufewa a kansa. Za ka ga ƴar takarda a manne. A wasu motoci tana cikin murfin tankin mai. Tana kuma cikin littafin mota, in yana nan. Takardar tana nuna lambar tayoyin gaba da ta na baya. Sau da yawa tana nuna layi biyu: ɗaya na mota mai mutum 2 ko 3, ɗaya na mota cike da mutane da kaya. In za ka yi lodi, layi na biyu ne naka. Yawancin ƙananan motoci suna tsakanin bar 2 da bar 2,5.

Akwai wata lamba a jikin tayar mota kanta, kusa da haruffan MAX. Wannan iyaka ce, wato iyakar abin da tayar ke iya ɗauka. Ba ita za ka bi ba. Ta jikin ƙofa za ka bi.

In babur ne, ka duba ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya, ko murfin sarƙa. Can ake manna takardar. Yawanci ta baya ta fi ta gaba iska, kuma ana ƙara mata in za a yi goyo. Ku masu kabu-kabu, ku riƙe wannan.

In keke ne, lambar tana jikin taya. Ka goge ƙura, ka juya ƙafar a hankali har ka gan ta. Sau da yawa lambobi biyu ne, ƙarama da babba. Ka tsaya tsakaninsu. In kai mai nauyi ne, ko kana ɗaukar itace ko jarkar ruwa, ka matsa kusa da babbar. Keken ɗaukar kaya irin namu yana shan wajen bar 3 zuwa 4. Keken tsere mai siririyar taya yana shan 6 zuwa 8. Ka ga abin mamaki: keke ya fi mota ƙarfin iska. Babbar motar ɗaukar kaya kuwa tana shan wajen 7 zuwa 9.

Bakin taya iri uku

Abu na biyu da za ka duba shi ne bawul, wato bakin da ake ɗura iska ta cikinsa. In bakin ma'auni bai dace da bawul ɗinka ba, ka yi asarar kuɗinka.

Na farko, bawul ɗin mota. Yana da kauri, faɗinsa wajen milimita 8. In ka leƙa cikinsa za ka ga ɗan tsinken ƙarfe a tsakiya. In ka danna tsinken, iska ta fito. Ana kiransa Schrader, da sunan gidan da ya ƙera shi a birnin New York, aka ba shi takardar mallaka a 1893. Shi ne a duk motoci da babura, da kekuna da yawa. Yawancin ma'aunan da ke kasuwa nasa ne.

Na biyu, bawul ɗin Faransa, wanda ake kira Presta. Siriri ne, wajen milimita 6. Yana da ɗan kai da ake murɗawa a kwance kafin a ɗura iska. Shi ne a kekunan tsere da wasu kekuna na hannu da ke zuwa daga Turai. Ma'aunin mota ba ya shigarsa. Sai ka nemi ma'auni mai baki biyu, ko ɗan haɗi na tagulla da ake murɗawa a kansa ya koma kamar na mota.

Na uku, bawul ɗin tsohon baƙin keke, wanda ake kira Dunlop. Shi ne wanda ake kwancewa a ciro cikinsa, a ga ƴar siririyar roba. Wannan iska kawai yake karɓa. Ba shi da tsinken da ma'auni zai danna. Ma'aunin aljihu ba ya aunarsa. Dabara biyu ce. Ko ka yi aiki da famfo mai agogo, ka dubi allura lokacin da kake bugawa, ta ba ka kima. Ko kuma, ran da robar ciki ta mutu, ka sayi mai bawul ɗin mota. Hudar wili ɗaya ce, zai shiga. Daga nan ma'auni ɗaya ya ishe ka, keke da babur.

Ma'auni iri huɗu

Na ɗaya, mai kama da biro. Yana da ƙugiya da ake maƙalawa a aljihun riga. In ka danna shi a bawul, sai wani ɗan sanda mai lambobi ya fito ta gindinsa. Lambar da ta tsaya a bakin gindin ita ce awonka. Shi ya fi araha. Ba ya son batir. Aibinsa biyu: rubutunsa ƙanana ne, kuma in ƙura ta shige shi sandan yana cijewa, ya ba ka lambar ƙarya.

Na biyu, mai agogo. Yana da fuska da allura. A cikin yawancinsu akwai wani ɗan bututun ƙarfe lanƙwasasshe. In iska ta shiga, bututun ya ɗan miƙe, ya ja allura. Wani Bafaranshe mai suna Eugène Bourdon ya ƙago wannan dabara a 1849, har yau da ita ake aiki. Karatunsa ya fi sauƙi. Shi ma ba ya son batir. Aibinsa faɗuwa. In ya faɗi a kan siminti yana iya karkacewa, ko da gilashin bai fashe ba. Saboda haka ka nemi wanda aka yi wa rigar roba.

Na uku, mai batir. Shi lambar yake rubuta maka a fili, kamar agogon wayar hannu. Ba ƙidayar zane. Wasu suna da ƴar fitila saboda dare. Aibinsa batir. Batirinsa ƙarami ne kamar tsabar kuɗi, yana iya mutuwa kana tsakiyar daji. Zafi ma yana lalata shi. Kafin ka saya, ka tambaya ko ana samun batirinsa a kasuwar garinku. Yana kuma da maɓallin sauya awo daga bar zuwa psi. Ka duba haruffan da ya nuna kowane lokaci.

Na huɗu, wanda ke haɗe da famfo. Famfon tsaye ne mai agogo a gindi. Kana bugawa kana ganin allura. Ga mai keke wannan ya fi. Dalili, cikin tayar keke ƙarami ne. Duk lokacin da ka danna mata ma'aunin aljihu, wata iska tana gudu. Da famfo mai agogo, aiki biyu ka yi a lokaci ɗaya.

In ka je kasuwa

To, ka san lambarka, ka san bawul ɗinka. Ka nufi Katako, ko Babbar Kasuwa, ko wajen masu sayar da kayan mota. Ga abubuwa 6 da za ka duba kafin ka ciro kuɗi.

1. Iyakar lambarsa. Sikelin gyaɗa ba ya auna zinariya, na maƙerin zinariya ba ya ɗaukar buhu. Ma'auni ya fi faɗin gaskiya a tsakiyar fuskarsa. Ka zaɓi wanda lambarka za ta faɗo wajen tsakiya. Ga ƙaramar mota da babur, mai tsayawa a bar 4 ya yi. Ga keken tsere da babbar mota, sai mai kai bar 11 ko 12. In ka sa ƙaramin a tayar babbar mota, ka kashe shi. In ka sa babban a tayar babur, allura ba za ta motsa sosai ba, ba za ka bambanta 1,8 da 2 ba.

2. Awon da ke jikinsa. Ya zama irin wanda ke takardar motarka. In fuskarsa tana da layi biyu, na waje da na ciki, ka tabbata wanne ne bar, wanne ne psi.

3. Zane-zanensa. Ka ƙidaya zanen da ke tsakanin 2 da 3. In gida 10 ne, madalla. Kuma ya zama idonka yana ganin lambobin ba tare da wahala ba.

4. Allura ta kwanta a kan 0 in ba a aiki da shi. In tana tsaye a wani wuri, ka mayar masa da kayansa.

5. Bakinsa. Ka leƙa, akwai ƴar baƙar roba a ciki. Ita ke hana iska gudu. In ta bushe ko ta tsage, ba shi da amfani.

6. Gwaji. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka ce da mai kanti: "Malam, bari in gwada shi a tayata." Ka auna taya ɗaya sau 3. Ya kamata ya ba ka lamba ɗaya, ko kusa da juna ƙwarai. In yanzu ya ce 2, an jima ya ce 2,6, ka bar shi.

Wasu suna riƙe allura a wurinta bayan ka cire, sai ka danna maɓalli ta koma. Wannan yana da amfani, domin za ka ɗago shi kusa da ido ka karanta a tsanake. Wasu kuma suna da maɓallin rage iska in ta yi yawa.

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Gwaji shi ne shaida. Kuma ka tuna, kuɗin ma'auni bai kai na sabuwar tayar mota ɗaya ba. In aljihu bai kai ba, ku haɗa kai. Direbobin layi ɗaya a tasha, ko masu amalanke na gari ɗaya, suna iya sayen guda, su ajiye wurin amintacce.

Yadda ake awo

Ana awo taya tana sanyi. Ma'ana, mota ta yi awa 2 ba ta motsa ba, ko ba ta yi fiye da kilomita 3 a hankali ba. Lokacin da ya fi shi ne da sassafe, a inuwa. Dalili, iska tana kumbura in ta ji zafi. Duk ƙarin digiri 10 yana ƙara wajen bar 0,1. Shi ya sa lambar da ka gani da asubar ɗari, a Disamba ko Janairu, ba za ta zama ɗaya da ta tsakar ranar bazara ba.

Ka kwance murfin bawul, ka sa shi a aljihu. Ka ɗora bakin ma'auni sak, kada ya karkace. Ka danna da ƙarfi, da sauri. Za ka ji ɗan "fit", sai shiru. In iska tana ta fita, bai zauna ba, ka sake. Ka karanta lamba. Ka gwada ta da wadda ka rubuta. In ta gaza, a ƙara. In ta wuce, ka danna tsinke ka rage, ka sake aunawa. Ka shafa ɗan yawu a bakin bawul. In ya yi kumfa, yana yoyo. Sa'an nan ka mayar da murfi. Kada ka raina murfin nan. Shi ke hana ƙurar hunturu da yashi shiga bawul.

Ga gargaɗi babba. Kun taso daga Yamai, kun tsaya Dogon Dutsi ko Birnin Ƙonni shan ruwa. Ka auna, ka ga lamba ta hau. Kada ka rage. Zafin tafiya ne, haka aka gina tayar ta yi. In ka rage, za ta ƙara lanƙwashewa, ta ƙara zafi. In dole ka ƙara wa taya mai zafi iska, ka ɗora bar 0,3 a kan lambar takarda, ka sake aunawa washegari da safe.

Direbobin arewa, wajen Agadas, sukan rage iska in sun shiga rairayi, domin taya ta baje kada ta nutse. Dabara ce mai kyau, a tafiya ta hankali. Amma da zarar an hau kwalta, dole a mayar da iska. Shi ya sa ba sa rabuwa da famfo da ma'auni.

Sau nawa za ka auna? Mota, sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Ko ba huda, taya tana sacewa kaɗan-kaɗan. Motar haya da babur da keke, kowane mako. Kada ka manta da tayar ajiya. A wasu motoci ƴar siririya ce, lambarta 4,2. Ran da za ka bukace ta, babu mai faci kusa.

Fitilar mota da tiyon mai faci

Wasu motoci suna da wata fitila ruwan ɗorawa a gaban direba, mai kama da tukunya da alamar motsin rai a ciki. Ita ce fitilar iskar taya. Doka ta tilasta sa ta a sababbin motoci, a Amurka tun 2007, a Tarayyar Turai tun 2014. In ta kama, ka tsaya ka duba. Amma kada ka jira ta. A dokar Amurka, an yarda ta yi shiru har sai iska ta ragu da kashi 1 cikin 4.

Mai faci kuma abokin tafiyarka ne. Yana da injin iska, kai ba ka da shi. Sai dai agogon da ke jikin tiyonsa yana shan rana da ƙura da faɗuwa kullum. Ka gaya masa lambarka: "Malam, gaba 2,2, baya 2,5." In ya gama, ka auna da naka. Ba raini ba ne. Mai awon kirki ba ya fushi don an sake awo a gabansa. In za a busa wa keke da injin, a yi kaɗan-kaɗan, domin nan da nan take cika ta fashe. In kuma tayar babbar mota ake busawa, ka matsa gefe, kada ka tsaya gabanta.

Shi kansa ma'aunin yana son kulawa. Ka sa shi cikin ƴar jaka ko tsumma mai tsabta. Kada ka bar shi gaban gilashi a rana. Kada ka jefa shi cikin ƙarafa. Lokaci-lokaci ka gwada shi da na wani, a taya ɗaya. In sun saɓa da yawa, ku nemo na uku ya raba gardama.

Aikin wannan mako

Ɗan uwa, gobe da safe ka je wurin abin hawanka, ko na maƙwabcinka. Ka nemo lambarsa, ka rubuta ta da haruffan da ke kusa da ita. Ka duba bawul ɗinsa. Ka kawo takardar aji. Ga tambayoyin da za ku tattauna tare da malaminku:

1. Me ya sa taya mai ƙarancin iska take yin zafi?
2. Psi 36 bar nawa ne?
3. A ina ake ganin lambar iskar mota? A ina ake ganin ta keke?
4. Wane bawul ne ma'aunin aljihu ba ya iya aunawa?
5. Ka tsaya a hanya da rana, ka ga lamba ta hau. Me za ka yi?

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa.